Ashe ƙasar jami'a ba ɗaya ba ce?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar shekarar ƙarshe ce a Zariya. An ba ni aikin bincike a kan tsutsotsin nematod, an ce in ɗebo ƙasa daga gona, da filin ƙwallo, da lambu, da gefen hanya. To duk ba harabar jami'a ɗaya ba ce?

Amsa: Katanga ce ɗaya, 'yata, amma ƙasar kowace da tarihinta. Dubi Samaru kawai, inda babbar harabar jami'ar take: ga gonakin gwaji da ake huɗa ana zuba taki duk damina, ga lambun itatuwa da garma ba ta shiga, ga bakin ruwan Kubanni, ga turbar da dubban ƙafafu suka daddaɓe.

Nematod ba tana ba ce. Siririya ce kamar zare, akasarinsu ba su wuce milimita ɗaya ba, sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. A cikin ɗan ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa suke yawo, shi ya sa inda aka tattake, ƙofofin suka toshe, sai su ragu.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne ƙirga. Gona na iya fin lambu yawan tsutsa, amma lambun ya fi ta iri-iri. Don haka ki dubi baki. Mai tsinke a baki kamar allura, galibi saiwa take tsotsa. Mai baki kamar bututu, bakteriya take ci. Akwai masu cin funfuna, akwai masu haƙori irin su Mononchus da ke haɗiye 'yan uwansu. Huɗa da taki na yi wa masu cin bakteriya daɗi, don suna hayayyafa cikin 'yan kwanaki. Mafarautan kuwa ba su da saurin haihuwa, da an dame su sai a neme su a rasa. A kan wannan bambancin Tom Bongers, masanin nematod na ƙasar Holan, ya gina ma'auninsa na gane yadda aka dami ƙasa (Maturity Index) a 1990, kuma ina ganin ya fi dogon jerin lambobi amfani gare ki.

In kin je gona, ki tuge tumatir ko kuɓewar da ta yi yaushi alhali ga laima. In saiwar ta yi ƙululu, aikin wata nematod mai tsotsar saiwa ce da ake kira Meloidogyne. Kada ki rikita shi da ƙullin saiwar gyaɗa ko wake: na gyaɗa da wake mai amfani ne, yana ɓallewa da farce, na Meloidogyne kuwa jikin saiwar ne ya kumbura.

Ki ɗebi ƙasar duk wuraren a mako guda, zurfi ɗaya, kamar santimita 20. Kada ki bar ledar a rana, zafi na kashe su. Ki shimfiɗa ƙasar a kan takardar tishu cikin rariya, ki ɗora a faranti mai ruwa, bayan kwana biyu masu rai za su gangaro cikin ruwan da kansu.