Filin Tambayoyinku: Alƙalamin Ƙawata Ya Rinjayi Nawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A wani taron marubuta a Kaduna na haɗu da wata baiwar Allah 'yar Sakkwato. Ta karanta gajeren labarinta, wuri ya yi tsit, muka yi musayar lamba. Tun da na dawo nake bin rubutunta, har nawa ya fara kama da nata, kuma kunyar nuna mata shi nake ji. Yaya zan riƙe wannan zumunci ba tare da na zama inuwarta ba?
Daga wata ɗaliba, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Fara da saƙo, kada ki bari mako ya zagayo, domin wanda ya gaisa da mutum talatin a taro ba ya riƙe fuskoki. Ki tuna mata inda kuka zauna, sannan ki ambaci abu guda takamaimai daga labarin: jimlar da ta buɗe da ita, ko inda ta bar tauraruwar ta yi shiru maimakon kuka. "Ma sha Allah, Allah ya ƙara basira" addu'a ce mai kyau, amma kowa yana faɗa mata. Wadda ta nuna wurin da ya taɓa ta, ita marubuci ke nema idan ya gama sabon aiki.

Kamannin da kike gani ba abin tsoro ba ne, kusan kowane marubuci da haka ya fara. Sai dai akwai bambanci tsakanin ɗaukar dabara da ɗaukar murya. Ki zaɓi shafi ɗaya nata, ki riƙe biro, ki ƙirga: kalma nawa ce a jimlolinta, layi nawa take bayani kafin wani ya buɗe baki, a ina take yanke fage. Ki rubuta abin da kika gano a takarda daban, ki rufe labarin, ki yi kwana bakwai ba ki leƙa shi ba. Bayan nan ki gwada dabarar a kan abin da ke kaɗai kika sani, kamar hayaniyar kasuwar Sabon Gari ko hirar tsakar gidanku. Idan kin gama, karanta a bayyane. Duk inda harshenki ya yi tuntuɓe, ko kika ji Sakkwatanci ya fito daga bakin Bazazzagiya, "tahi" a gurbin "tafi", to nan aro ne, ki sake shi. Masu karatu suna saurin kama wannan, kuma a zaurukan WhatsApp ba a jinkirin kiran sa satar fasaha.

Kunya kuma, aiki ne ke maganinta. Ki nemi ku riƙa musaya: labari ɗaya daga kowacce, kalma 1,000 zuwa 1,500, irin tsawon da gasar Hikayata ta BBC Hausa ke karɓa, kowacce ta maido da gyara cikin mako biyu. Ki haɗa da tambaya uku: ina kika gaji, ina ba ki gane ba, wane ɗan wasa ne ba ki yarda da shi ba? Idan ba ki tambaya ba, kara za ta sa ta ce komai ya yi. Abin da ya fi kashe irin wannan zumunci shi ne a tura wa mutum littafi mai shafi 300 a ce ya duba. Wannan aikin edita ne, biyan sa ake yi. Kuma idan akwai reshen ƙungiyar marubuta ta ANA kusa da ke, ki riƙa zuwa zaman karatunsu, don kada kunne ɗaya ya zama shi kaɗai ke auna miki rubutu.

TAMBAYA: Ni da wani aboki da muka haɗu a taro muna son rubuta littafi tare. Me ya kamata mu fara yi?
Daga wani malamin makaranta, Maraɗi.

AMSA: Malam, ku rubuta yarjejeniya kafin babin farko, ko da shafi ɗaya ce, da shaidu biyu. A ciki a faɗi wa zai rubuta wane babi, sunan wa zai zo farko a bango, yadda za a raba kuɗin bugu da riba, da abin da zai faru da rubutun idan ɗaya ya janye. Doka tana kare abin da aka rubuta ne, ba dabarar da aka furta a hira ba, don haka ku riƙa aika wa juna babi ta imel, inda kwanan wata ke zama shaida. Daga ƙarshe mutum ɗaya ya bi littafin daga farko zuwa ƙarshe ya daidaita salo da ƙa'idar rubutu, in ba haka ba mai karatu zai ji inda hannu ya canja.