Me ya sa ƙananan ramukan da aka haƙa a farantin ƙarfen tantalam, don tace hasken da yake fitarwa in ya yi zafi, suka lalace alhali ƙarfen bai narke ba?

Ka ce min: "Maigida, tantalam ba ya narkewa sai a digiri 3017, ni kuwa 1200 kawai na kai shi, amma bakin ramukan ya dakushe, hasken infirared ɗin da farantin ke fitarwa ya canza." To saurara, yarona.

Narkewa daban, rarrafen ƙarfe daban. Tun zafi bai kai rabin na narkewa ba, ƙwayoyin zarra (atam) da ke fatar ƙarfen suke fara tafiya, suna barin baki mai kaifi suna taruwa a kwari. A faranti mai kauri ba wanda zai lura. Ramin da faɗinsa maikiron 1 ne kuwa, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kaɗan ya ishe shi.

Kuma aikin duka a kan faɗin nan ya rataya. Ninka rabin faɗin ramin sau 3.4, ka sami kusan tsawon zangon hasken da ramin ke yankewa a kai. Rabin maikiron zai ba ka wajen 1.7. Hasken da tsawon zangonsa ya gaza haka yana shiga ramin, shi ne kuma farantin ke fitarwa in ya yi zafi. Wanda ya ɗara, ƙarfen ya mayar da shi kamar madubi. Baki ya buɗe, iyakar ta gusa.

Gyaran tun kafin haƙa yake farawa. Ka gasa farantin a murhun da aka zuƙe iskarsa, sama da digiri 2000, don ƙananan kiristal ɗin da suka haɗu suka yi ƙarfen su gama girma tun yanzu. In ka tsallake wannan, daga baya za su girma su yaga maka tsarin. Sannan a goge shi sumul, a shimfiɗa SiO2 (sinadarin gilashi, mai kare inda ba a so a haƙa), a zana ramukan da leza, a haƙa da iskar gas SF6 da C4F8 bi da bi. C4F8 na barin datti a bango. Ka wanke shi da filasmar oksijin, wato oksijin da aka caja da lantarki, in ba haka ba kabon da ke cikin dattin zai haɗu da tantalam a cikin zafi ya ɓata fuskar.

Abin da na tabbata ka bari shi ne rufin ƙarshe: HfO2, wato haɗin ƙarfen hafniyam da oksijin, kaurin nanomita 20 zuwa 40 (nanomita dubu ne maikiron 1), ta hanyar ALD, wato shimfiɗa rufi layin zarra ɗaya bayan ɗaya, don ita ce ke bin bangon rami har ƙasa. Fesawa daga sama baki kawai take rufewa.

Ka kuma duba famfon zuƙe iska. Tantalam mai zafi oksijin kaɗan yake jira ya sha. Kawo farantin mu tsaga shi mu duba a SEM, na'urar ƙara girman abu mai aiki da elektiron, kafin ka sake wani.