Tambaya da Amsa: Na iya haɗa sola, me zan je yi a jami'a?

Tambaya: Malam, shekarata 19, bara na gama sakandare. Tun ina aji huɗu nake bin kawuna aikin haɗa sola a gidaje a nan Gusau. Kawu ya ce in bar batun jami'a tunda hannuna ya faɗa, mahaifiyata kuwa karatu take so in yi. Akwai abin da za a koya mini can wanda ban gani a kan rufin kwano ba? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Ƙanena, akwai, kuma sanin da ka yi wa rufin kwano shi ne zai sa karatun ya zauna maka.

Ka duba bayan kowane faifan sola da kuke ɗaurawa. Ƙarfin da aka rubuta, a ce wat 400, an auna shi ne faifan yana kan zafin digiri 25. Wata bazara na hau rufi da ɗalibaina da azahar, muka ɗora ma'auni a jikin faifai, ya wuce 60, ko taɓa ƙarfensa ba ka iya yi. Kowane digiri ɗaya da ya hau kan 25 yana cin kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfin faifan. Yi lissafi da kanka: kusan kashi ɗaya cikin bakwai ya tafi, tun kafin ƙurar hunturu ta kwanta a kai. Batirin ruwa ma haka, zafi ne ke gajarta masa kwana, shi ya sa nake jin takaici in na ga an kulle shi a ɗakin da ba taga. Mai gida sai ya ce kayan jabu aka sayar masa, alhali lissafi ne ba a yi ba tun farko.

Irin wannan ake koyarwa, kuma ba sai ka yi nisa ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato tun 1982, inda aka daɗe ana aiki kan na'urar busar da amfanin gona da rana, da murhu mai tsimin itace, da gas na kashin dabbobi. Jami'ar Bayero ta Kano tana da tashar lantarki ta sola haɗe da batura da janareto, mai megawat 7.1, da aka buɗe a 2019. A Nijar ma, sunan masanin hasken rana, Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, aka sa wa jami'ar Yamai.

Shawarata, kada ka dage sai kwas mai sunan sola. Nemi injiniyancin lantarki ko fiziks a digirin farko, tushen yana can, ƙwarewa kan makamashi mai ɗorewa ta biyo baya. A JAMB za ka rubuta Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri, kuma lissafin nan kada ka yi masa riƙon sakainar kashi.

Kawunka kuma kada ka yi jayayya da shi. Abin da ya koya maka ɗalibaina da yawa ba su da shi, na sha ganin ɗan ajin ƙarshe da bai taɓa haɗa inbata da hannunsa ba, abin yana damuna ƙwarai. Ka same shi cikin ladabi, mahaifiyarka tana zaune, ka ce masa duk hutu kana bakin aiki. In kun hau rufi ranar Asabar, tafi da ma'aunin zafi ka nuna masa abin da faifan ke yi da ƙarfe ɗaya na rana.