Abin da ke watsa filin rawar salsa

Ɗan'uwa, a matsayinka na DJ mai sa waƙoƙi a wajen rawa, ka tambayi dalilin da filin rawa ke watsewa duk lokacin da ka sarƙa waƙar salsa (wani kiɗan rawa na Latin Amurka) cikin wata, wato ka shigo da sabuwa kafin ta farko ta ƙare. Masu salsa bibbiyu suke rawa, kuma sai waƙa ta ƙare suke canza abokin rawa. To ka bar kowace waƙa ta kai ƙarshenta, ka ba da tazarar daƙiƙa 2 ko 3. Taku takwas suke ƙirgawa; in ka yanke a tsakiya, ƙafa ta rikice.

Kada ka dogara da na'ura ta daidaita maka kiɗa. Tsofaffin salsa, irin na kamfanin waƙoƙi na Fania a shekarun 1970, makaɗa ne suka buga da hannu, saboda haka saurin kan ɗan hau ya sauka. Manhajojin DJ irin su Serato da Rekordbox ma sukan nuna waƙa mai bugu 190 a minti a matsayin 95, sai ka tabbatar da kunnenka.

Reggaeton kuwa, wani kiɗan Latin Amurka na zamani mai bugu 90 zuwa 100 a minti, sarƙa shi son ranka, domin na'ura ce ta buga shi. Wajen jera waƙoƙi, gwada salsa uku, bachata biyu, sai merengue ɗaya in jiki ya fara sanyi; bachata da merengue su ma kiɗan rawa ne na Latin Amurka.