Alfa ta kai 0.85, me ya sa malam ya ce bai isa ba?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce takardarki tambaya 24 ce, kin gwada a kan mutum 40, alfar Cronbach ta kai 0.85, amma malamin da ke duba aikinki ya ce ba ki nuna inganci ba. Gaskiyarsa ne. Alfa tana nuna tambayoyin bakinsu ɗaya ne kawai, ba ta faɗa miki ko abin da kike nufi suke aunawa. Mudun da aka buge wa gindi kullum awo ɗaya yake bayarwa, amma ai ba cikakke ba ne.

Abin da yake so shi ne fakto analisis, hanyar da Charles Spearman ya faro a 1904: a ga ko tambayoyin za su rabu rukuni-rukuni yadda kika tsara su. Mutum 40 sun yi kaɗan. Yawanci ana son mutum 5 zuwa 10 kan kowace tambaya, ke nan 120 ne mafi ƙaranci. Ki fara duba KMO (ma'aunin da ke nuna ko bayananki sun dace da wannan nazari) ya haura 0.6, sakamakon gwajin Bartlett (mai duba ko tambayoyin suna da alaƙa da juna) kuma ya faɗo ƙasa da 0.05. Wajen ƙidayar rukunai kada ki jingina da dokar Kaiser da manhajar SPSS ke bi, ta riƙe duk rukunin da darajar aigen ɗinsa (lambar da ke nuna ƙarfin rukuni) ta haura 1, takan ƙara rukunan banza. Manhajar Jamovi kyauta ce, kuma tana da hanyar ƙidayar rukunai ta Horn ta 1965 wadda ta fi dokar Kaiser.

Ga inda na sha wuya lokacin digirina na biyu. Na fassara tambayoyin gamsuwar malaman firamare da aikinsu zuwa Hausa, na tsara rukuni uku, sai na huɗu ya ɓullo. Har na fara murna wai na gano sabon abu! Da na zauna na karanta tambayoyin da suka taru a ciki, ashe duk masu korewa ne, irin su "Ba na jin ba a daraja ni". Mutane sun ruɗe da "ba" ɗin nan biyu, kowa ya amsa yadda ya fahimta. Rukunin ruɗani ne, ba na gamsuwa ba. Dole na sake rubuta su, na koma makarantun.

Saboda haka tambayar da nauyinta (lambar da ke nuna ƙarfin alaƙarta da rukuninta) bai kai 0.4 ba, ko ta raba ƙafa a rukuni biyu, ki karanta ta da babbar murya kafin ki goge ta. Idan kin samu teburin sakamakon, ki turo nan mu duba tare.