Kwana uku a Alkahira: kar ki bari direba ya tsara miki yawo

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ina ganin tambayarki na ajiye abin da nake yi, don tamkar ni ce na rubuta ta. Kin ce bayan an gama duba idon surukarki kwana uku za su rage muku ke da maigida a Alkahira, kina son sanin inda za ku je da abin da za ku ci. Ni ma haka na tambaya a nan bara waccan, aka yi ta turo mini hotunan dalar Fir'aunoni, babu wadda ta ce mini ga inda ake yankar mutum babu wuƙa.

Mu direba ne ya cuce mu. Wanda ya yi mana hanyar asibiti shi ya haɗa mu da shi, ya ce amintacce ne, duk 'yan Najeriya shi ke yawo da su. Ƙarfe takwas na safe ya ɗauke mu da sunan za mu Giza, inda dalar take. Sai ga mu a shagon turare, wai gidan tarihi ne. Aka kawo shayi, aka yi ta shafa mana turare a hannu har kaina ya fara ciwo, kunya ta sa maigida ya sayi kwalba biyu. Daga nan shagon takardar zane irin ta Fir'aunoni. Daga baya muka gane duk inda ya sauke mu yana da kasonsa. Sha ɗaya ta wuce ba mu ga ko dutse ɗaya ba.

Da muka isa, bai kai mu ƙofar da ake sayen tikiti ba, sai ya bi da mu wani lungu mai warin kashin dawaki, ya ce ba a shiga da ƙafa, dole sai a kan raƙumi ko keken doki. Ƙarya ce tsagwaronta, amma baƙo ko da ido makaho ne. Aka yi ciniki fam 300 na kuɗin Masar kowane mutum, aka sa Hajiyarmu da muka kawo asibiti a keken doki, ni kuma aka ce in hau raƙumi. 'Yar'uwa, raƙumi da ƙafafun baya yake fara miƙewa. Na tafi gaba kamar zan kife, na ƙanƙame sirdi ina salati, takalmina ɗaya ya faɗi, ga shi zani na ɗaura. Yaron da ke jan akala dariya kawai yake yi. Sai da ya kai mu can cikin rairayi, inda dalar ta koma 'yar ƙarama a bayanmu, babu ɗan sanda babu kowa, sannan ubangidansa ya ce kuɗin da muka biya na hawa ne, na sauka daban. Fam 1,000 kowa.

Maigida ya ɗauko Larabcinsa na Islamiyya yana ta "ittaƙillah ya akhi", mutumin yana mayar masa da nasu na kasuwa da ba ma jin ko kalma. Ni ina can sama rana na dukana, cinyoyina sun sage, Hajiya da aka yi wa aikin ido kwana huɗu da suka wuce tana zaune cikin ƙura da baƙin tabarau tana tambaya lafiya. Wallahi kuka na yi. Ba kuɗin ba ne ya fi ƙona mini rai, yadda mutumin ya ciro wayarsa yana latsawa yana jiranmu, ya san babu inda za mu. Shi kuwa direban da muka koma muka gaya masa, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce "ma'alesh", wai mu yi haƙuri. A mota maigida ya ce ai ni na nace sai an zo, muka yi shiru har masauki. Har yau in na ji ƙamshin turaren nan raina ɓaci yake yi, na bayar da shi.

To ban ce kar ki je ba. Dalar Khufu ta kai shekara 4,500, tsayinta na asali mita 146, kuma sai kin tsaya a gindinta kin ga dutse ɗaya ya kai ƙirjinki za ki san hoto bai nuna komai. Amma ku kira Uber da kanku, ku je da sassafe, ku sayi tikiti a tagar hukuma, ku shiga da ƙafarku har wurin Abul Haul, gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum. Lokacin da muka je wurare da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi, sai kati, ku tabbatar naku yana aiki. Duk wanda ya miƙo miki abu ya ce kyauta ne kar ki karɓa. "La, shukran", wato a'a na gode, ki wuce, kar ki yi murmushi.

Rana ta biyu muka sallami direban, kuma ita ce ranar da na ji daɗin garin. Wata ɗaliba 'yar Zariya da ke karatu a Azhar ta raka mu. Masallacin Azhar an gama shi a 972, tsakar gidansa farin marmara ne mai sanyi, mun zauna a can kusan awa guda ba wanda ya tambaye mu ko sisi. Ita ta gaya mana tun da can akwai ɓangaren ɗaliban Barno a cikinsa, wato mutanenmu ba yau suka fara zuwa ba. Ki tsallaka titi ga masallacin Sayyidina Husaini, ga kasuwar Khan Khalili a jikinsa, ga titin Mu'izz da ya miƙe daga Babul Futuh zuwa Babu Zuwaila, duk da ƙafa. Da magariba ake kunna fitilu a tsofaffin gine-ginen. A kasuwa kuma kin san hali, kamar Kwari ce, in ya ce ɗari ki fara daga talatin.

Abinci kuwa, kar ki yarda a kai ki gidajen da motocin 'yan yawon buɗe ido ke tsayawa. Mun ci a ɗaya, kaza busasshiya, da takardar kuɗi ta zo an ɗora kuɗin hidima da haraji a kai. Ki nemi koshari. Shinkafa ce da taliya da adas, wani ƙaramin wake, a zuba miyar tumatir da soyayyiyar albasa, ga ruwan tafarnuwa da na barkono a gefe. Na Abu Tarek da ke tsakiyar gari muka ci, kwano ɗaya ya riƙe ni har dare. Da safe ful, wato dafaffen wake, da ta'amiyya, wadda ƙosai ce kawai aka sa mata ganye ta yi kore a ciki, a cusa a gurasarsu. Mulukhiyya miyar lalo ce, Hajiya da ta ƙi cin komai tun zuwanmu ita ta shanye kwano tana cewa saura tuwo. Karkade zoɓo ne. Ruwan rake a gabanki ake matsewa, ki sha nan take kafin ya yi baƙi. Tattabarar da suke cusa wa shinkafa maigida ya yaba, ni dai na ga ƙashi ya fi nama yawa. Ruwa na gora kawai za ku sha, kuma ki bar ɗanyen ganyen bakin titi, ni ya hana ni barci dare guda.

Af, gawar Fir'auna, na san za a tambaye ki in kin dawo. Ba ta tsohon gidan tarihi na Tahrir yanzu, tun 2021 aka kwashe gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 zuwa sabon gidan da ke Fusɗaɗ. Ramsis na biyu yana ciki, shi ne wasu ke cewa na zamanin Annabi Musa ne, malamai dai ba su haɗu a kan haka ba. Ba a ɗaukar hoto a ɗakin. Na tsaya a kansa na ga gashi da farce, jikina ya yi sanyi. Daga can masallacin Amru bin Asi ba nisa, shi ne na farko da aka gina a Masar. Mun so zuwa kabarin Imamu Shafi'i da ganuwar Salahuddini, lokaci ya ƙure, saboda ranar da wancan mutumin ya cinye mana. Allah ya isa dai.

Idan da surukarki za ku fita, kar ku haɗa mata wuri fiye da biyu a rana, cunkoson motocin garin kaɗai ya ishi tsoho. Jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa yana da taragon mata zalla in ke kaɗai za ki fita. In kuma lokacin sanyi ne ki ɗauki rigar sanyi mai kauri, na raina shi na sha wuya. Ki saka yajinki a jaka, nasu barkonon ba ya kai mana ko'ina. Wace unguwa kuka sauka? In Madinatu Nasr ce ki yi mini magana ta akwati in haɗa ki da yarinyar nan 'yar Zariya, in ba ta da jarrabawa. Allah ya ba Hajiya lafiya.