Amsa kan yawan abincin da ake ba 'ya'yan niyut

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ƙwan niyut ɗinka (ƙaramar dabba mai siffar ƙadangare, wadda take rayuwa a ruwa da tudu kamar kwaɗo) sun ƙyanƙyashe, kana tambayar nawa za ka riƙa ba su, kuma sau nawa a rana. Shawarata ita ce ka bar ƙirga abinci, ka riƙa duba cikinsu da ruwan da suke ciki.

Kwanakin farko kada ka ba su komai. Suna manne a jikin ganye suna cin sauran gwaiduwar da ke cikinsu, duk abin da ka zuba ruɓewa zai yi. Sai ka ga sun fara iyo suna kai cafka, sannan ka soma.

Abu mai rai mai motsi kawai suke kamawa. Ni da atemiya nake farawa, wato ƙananan jatan landen ruwan gishiri, waɗanda ƙwansu ke ƙyanƙyashewa cikin kimanin awa 24. Ka tace su, ka ɗauraye gishirin, ka raba su da ɓawon ƙwan domin yana iya toshe musu hanji. Ina son atemiya saboda fatar ɗan niyut ana ganin cikinta: wanda ya ƙoshi cikinsa kan yi ruwan goro, ya ɗan tasa. Bayan awa ɗaya da zubawa ka leƙa. Idan yawancinsu cikin ya cika, to ka daidaita. Idan akwai masu fayau da ciki, ka ƙara kaɗan. Sau biyu a rana ya wadatar, safe da yamma.

Inda mutane suka fi asara shi ne ragowar abinci. Atemiya ba ta wuce 'yan awanni a ruwan daɗi, tana mutuwa ta kwanta a ƙasa ta ɓata ruwan, su kuwa 'ya'yan niyut ba sa jure gurɓataccen ruwa ko kaɗan. Ka zuƙe ragowar da sirinji kullum, ka canza wani kaso na ruwan da wanda babu kulorin (sinadarin da ake sa wa ruwan famfo), mai sanyi ɗaya da na cikin mazubin, ƙasa da digiri 22 a ma'aunin Celsius. Dafniya, wata ƙaramar halittar ruwa da ita ma ake ba su, ta fi sauƙi ta wannan fuskar, tunda a ruwan daɗi take rayuwa, za ka iya barin ta su yi ta farauta.

Amma kada tsoron dattin ruwa ya sa ka ƙuntata musu. Da yunwa ta kama su, junansu suke cizo a ƙafa da gashin numfashin da ke gefen kai, babba ma yakan haɗiye ƙarami. Ka ware su bisa girma, kada su cunkushe.

Ƙafafun gaba ne ke fara fitowa. Idan na baya suka biyo, sai ka koma jan tsutsa yankakkiya, sau ɗaya a rana. Bayan wata biyu zuwa huɗu gashin numfashin zai fara ƙanƙancewa, cin abincinsu ya ragu, kada hankalinka ya tashi. A lokacin ka rage zurfin ruwan, ka sa musu dutse ko gansakuka da za su hau, ka kuma rufe mazubin da kyau domin suna iya hawa bangon gilashi su fice.